Fitilar Ta Yi Ja, Na Buɗe

Kai mai buɗe wannan littafi, ko ke, a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Idan Yaya ce, kin yi girma da binciken jakar uwarki. Idan Auta ce, na san ƙamshin man da kike shafawa, takarda kuma tana riƙe ƙamshi. Idan Babansu ne, ba ka iya karanta rubutuna tun muna da ƙuruciya, kada ka wahalar da idonka. In kuwa baƙo ne ya tsince shi bayan ba na nan, to ya karanta, amma kada ya ji tausayina, ban nema ba. Da biro na rubuta, da hannuna, don kada wata na'ura ta gyara mini magana.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Yau ban je gidan raino ba. An ce in huta. Ban gaya wa kowa na gaji ba.

Shekaru ke nan ina zuwa can aikin sa kai. Tun da Auta ta shiga sakandare gida ya yi mini faɗi da safe, na ga gara in je in share hancin 'ya'yan mutane da in zauna ina kallon bango. Aikina ƙofa. Da safe in karɓi yaro, in duba jakarsa ko an sa masa kayan canji, da yamma in miƙa shi ga mai shi. Yara da iyayensu duk Goggo suke ce mini. Na san wanda ba ya barci sai an rufe masa ƙafa, na san wadda take ɓoye burodi a aljihu ta kai wa kyanwarsu.

A farkon shekarar nan Shugaba, mai riƙe da gidan rainon, ta kawo na'ura ta manna a bangon ƙofa. Mai ɗaukar yaro ya ɗora yatsa: in fitila ta yi kore a ba shi, in ta yi ja a kira ofis. Na ce, “Shugaba, ni da nake tsaye a nan fa, ado ce?” Ta ce, “Goggo, taimaka miki za ta yi.” Taimakon da ta yi mini shi ne ta ƙi yatsan duk wanda yake aiki da hannunsa. Mai wanki, ja. Bakanike, ja. Kakar tagwaye da fatar hannunta ta saki, kullum ja. Sai masu zaman ofis masu laushin hannu take ganewa. A ce in tsayar da tsohuwa a rana ina jiran ofis ya ɗaga waya? Tun tuni na daina kallonta.

Jiya da yamma ta yi ja. Na buɗe.

Wanda yake tsaye a ƙofar mai gyaran wuta ne, mahaifin yarinyar nan da muke kira Takalmi Ɗaya, domin ba ta taɓa kai azahar da takalma biyu a ƙafarta ba. Na san shi sarai. Shi ya gyara mana fankar ɗakin barci bai karɓi komai ba. Sai ya rusuna yake gaishe ni. Hannunsa duk tabon wayar wuta ne, na'urar ta saba ƙin sa. Yarinya ta gan shi ta sheƙo da gudu. Me ake so in yi?

Da magariba ta kusa uwar ta zo. Nas ce, daga asibiti take, da fararen kayanta. Ta ce, “Goggo, ina 'yata?” Na ce babanta ya ɗauke ta tun ɗazu. Sai ta zauna a ƙasa, nan bakin ƙofa, cikin ƙura. Ban taɓa ganin babbar mace ta zauna haka ba.

Ashe ta cire sunansa daga masu ɗaukar yarinyar. A wayarta ta cire. Kullum da safe tana gaishe ni, ba ta ce mini uffan ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ba a same su ba tukuna. Wayarsa a kashe. Uba ne ya zo ɗaukar 'yarsa.

Juma'a, ƙarfe takwas na safe

Babansu ya ga na soma goge kicin tun bai farka ba, ya tsaya a ƙofa da kofin shayinsa.

“Ƙasan nan ta yi miki laifi ne?”

“Datti gare ta.”

“Jiya ma ita kika goge.”

“To ka zo ka goge ta yau.”

Ya ja kujera ya zauna. Ya ce, “Ki kira Shugaba mana ki ji ko akwai labari.” Na ce wanda ya ce in huta shi zai kira ni. Ya ce, “Ke dai da taurin kai aka haife ki, ni kuma da shi na aure ki, ba ni da ta cewa.” Ya tafi ya bar mini kofin a kan tebur, kamar kullum.

Juma'a, da yamma

Ina neman makulli a jaka na ci karo da takalminta. Na hagu, ja, mai maɗauri. Ranar Laraba na tsince shi ƙarƙashin lilo, na jefa a jaka da niyyar in sa mata kafin ta tafi. Ke nan da takalmi ɗaya ya tafi da ita. Mutum ya ɗauki 'yarsa bai ma duba ƙafarta ba. Sauri yake yi, yanzu na tuna. Amma kowa sauri yake yi a zamanin nan.

Asabar, da hantsi

An same ta. Tana gidan wata 'yar'uwarsa a can wajen gari. Lafiyarta ƙalau. Mai girkin gidan raino ce ta bugo mini, ba Shugaba ba. Ta ce sai da jami'an tsaro suka je.

Alhamdu lillahi. Na haɗa shayi ya huce a gabana.

Lahadi, bayan azahar

Yaya ta zo ita kaɗai, ta bar mijin da aikinsa. Yaya 'yata ce ta fari, kowa a gidan haka yake kiran ta har ni. A wani kamfani take aiki, daga safe zuwa yamma tana gaban kwamfuta, shi ya sa take tsaya wa na'ura kamar 'yar ɗakinsu.

Ta ce, “Umma, irin na'urar nan akwai ta a ofishinmu. Ja iri biyu ne. Akwai na cewa ba ta gane yatsa ba, a sake ɗorawa. Akwai na cewa ta gane shi sarai, amma an hana shi. Rubutu yana fitowa a ƙasa.”

“Ja ja ne.”

“Ba ki karanta ba ke nan.”

“Ina da yara a bayana suna jan zanina, in tsaya karatun bango?”

“Layi ɗaya ne fa, Umma.”

Na ce mata ni fuska nake karantawa, kuma tun kafin a ƙera kakar wannan na'ura nake karanta ta. Ta ce, “To me kika karanta a fuskarsa?” Na tashi na je duba tukunya. Babu komai a kan wuta, amma ɗaki nawa ne, ina da ikon tashi.

Yaran yanzu sun ɗauka tambaya ita ce hankali.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Na shirya a lokacin da na saba, na ɗauki jaka, sai a bakin ƙofa na tuna. Tunda na riga na sa mayafi na ce bari in je kanti.

Hanyar kanti ba ta bi ta gaban gidan raino ba, amma ƙafa tawa ce. Ta ramin katanga na hango yaran. Lokacin ne da nake zaunar da su a tabarma muna tafi muna ƙirga yatsu. Yau an jera su a gaban babban allon nan na bango, wasu dabbobi masu launi suna tsalle, yara sun saki baki kamar an ɗauke musu rai. Ba mai kuka, ba mai dariya. Shugaba za ta ce an samu natsuwa.

A kanti yarinyar da ke tsaron kantin ta kasa sayar mini da sabulu, wai na'urarsu ta tsaya. Sabulu yana hannunta, ni ina gabanta, amma sai mu jira kwamfuta ta yarda. Haka muka tsaya muna kallon juna kamar surukai. Wannan ce duniyar da ake so in ba haƙuri. Babansu ma yanzu sai ya tambayi waya hanyar gidan ƙanensa, gidan da da hannunsa ya taya ɗora rufinsa. Likita yana kallon allo yana tambayarka ina ke ciwo, ko ɗaga kai ba ya yi. Uwa tana wurin aiki tana leƙen ɗanta ta kyamara, da yamma in ta ɗauke shi ba ta da abin tambayarsa, ta riga ta gani. Mun miƙa idonmu, mun miƙa ƙwaƙwalwarmu, yanzu kuma sai mu miƙa bakinmu. Mace ta sami matsala a gidanta, ta rasa wanda za ta gaya wa sai gilashin waya.

Da nas ta buɗe baki ta gaya mini, da ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan buɗe ƙofar nan ba.

Talata, da yamma

Shugaba ta zo gida. Yarinya ce, sa'ar Yaya, mai ladabi, ba zan ci zalinta ba. Ta ƙi zama a kujera sai da na ce sau uku.

Ta ce kwamitin iyaye zai zauna Talata mai zuwa. Wasu sun ce kada in sake taka gidan. Ita tana so in dawo, yara suna ta tambaya, mai rufe ƙafa ya ƙi barci tun ranar. Amma abu biyu take roƙo: in koyi na'urar sosai, in kuma ba nas haƙuri a gaban mutane.

Na ce, “Haƙurin me? Na sayar da 'yarta ne?”

“Goggo, ba haka ba ne.”

“Ranar ina kike da fitilar ta yi ja?”

Ta sunkuyar da kai ta ce ta fita banki. Na ce to ko da na kira ofis, kujera ce za ta amsa. Ta ce, “Da kin kira wayata.” Na ce ni ban iya renon yara ta waya ba.

Da za ta tafi ta ce, “In ba ki yi ba, ba ni da abin da zan tare miki da shi.” Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Yaran nan su ne safiyata. Ban gaya mata haka ba, ba huruminta ba ne.

Laraba, da la'asar

Mako guda ke nan, daidai wannan lokacin na buɗe ƙofar. Na fitar da labulaye duka na wanke.

Alhamis, ƙarfe sha ɗaya na safe

Mai girki ta sake bugowa. Bakinta ba ya riƙe ruwa, amma zuciyarta fara ce. Ta ce iyaye suna da wani zaure a waya inda suke taruwa, ana ta maganata. Wata ta rubuta wai bai kamata a bar tsohuwar da ba ta iya karatu ba a ƙofa. Na tambayi wacece. Uwar yaron nan ce da na koya wa zama a fo bayan ita ta gaza.

Na yi sakandare. Na gama da sakamakon da ba zan ji kunyar nuna wa kowa ba. Ni nake duba wa 'ya'yana aikin gida har suka fi ƙarfina. Ba rashin iyawa ne ya hana ni karanta layin nan ba, raini ne, kuma ina da dalilin rainin.

Su fito su faɗa a gabana mana. A'a, sai a bayan gilashi, kowa da bargonsa.

Asabar, bayan azahar

Ya zo. Mai gyaran wuta. Ban san wanda ya nuna masa gidan ba.

Babansu ya fita, Auta tana ɗaki. Na tsaya a bakin ƙofar waje ban ce ya shigo ba. Ya rusuna kamar yadda ya saba, ya tambayi gida, ya tambayi jiki. Ya ce, “Goggo, na zo godiya. A duk gidan nan ke kaɗai kika san darajar uba.” Ya ce in an kira ni a wurin hukuma in faɗi halinsa yadda na sani, in faɗi zancen fanka.

Sannan ya ce, “Ta kwashe kaya daga gidan da take. Ko kin ji inda ta koma?”

Na ce ban ji ba.

“Ke da kowa yake gaya wa magana?”

Yana murmushi yake faɗa. Hannunsa yana kan ƙarfen ƙofata, ya riƙe shi har jijiyoyin sun tashi, murmushin kuma bai motsa ba. Na daɗe ina ganin fuskar nan, ban taɓa haɗa ta da hannun a kallo ɗaya ba.

Na ce, “Ɗauke hannunka, zan rufe.” Ya ɗauke. Na rufe, na sa sakata, na tsaya a wurin har na daina jin takunsa.

Auta ta leƙo ta ce wane ne. Na ce mai neman aiki ne, ba mu da shi.

Lahadi, da safe

Ban gaya wa Babansu ba. Na gaya wa Shugaba, ta waya, tunda abin da suke ji ke nan. Na ce ta sanar da nas yana neman inda take. Wannan ba ban haƙuri ba ne, saƙo ne.

Talata, bayan magariba

An yi zaman. A ɗakin wasan yara aka yi, manya a kan ƙananan kujeru gwiwoyinsu a ƙirji. Ni na ƙi, na tsaya.

Shugaban kwamiti ya yi dogon bayani a kan tsaro da zamani, yana karantowa daga waya. Da ya gama na ce ina da tambaya ɗaya ga nas. Tana can gefe kusa da akwatin kayan wasa, ta rame.

Na ce, “'Yar nan, kullum kina wuce ni a ƙofa. Me ya hana ki buɗe baki ki ce, Goggo, kada ki ba shi?”

Ta ce, “Na buɗe, Goggo.”

“Yaushe?”

“Ranar da na zo da baƙin tabarau. Kika ce in cire, ba a gaida manya da shi. Na cire. Kika ga idona, kika ce kallon waya cikin duhu ne yake kumbura mana ido.”

Na tuna ranar. Idon ya kumbura ƙwarai.

Ta ce, “Na ce miki, Goggo, ni da baban yarinya, ban ƙarasa ba kika ce duk macen da na gani a ɗakinta haƙuri take yi, mu yaran yanzu abu kaɗan sai mu tattara kaya. Kika ce mutum mai ladabi irinsa ba a samun sa a kasuwa. Kika karɓi jakar yarinya kika ce in yi sauri kada in makara.”

Na ce, “To ƙarya na faɗa?”

Ta ce, “Ban sani ba. Ni dai da na shiga mota na ciro waya na danna sunansa, ta tambaye ni ko na tabbata, na ce e, ta ce an cire. Ba ta tambaye ni me na yi masa ba.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Na'urar ce ta goya 'yarki ranar da ta yi zazzaɓi kina wurin aiki? Ita ta yi ta zagaya da ita a tsakar gida har kika zo?”

Ta ce, “A'a, ke ce. Ita kuma ba ta miƙa masa ita ba.”

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da na san yadda zan yi da ita.

Na buɗe jaka na ciro takalmin na ajiye mata a cinya. Ta dube shi, ta sa a aljihun rigarta. Shugaba tana ta kallona tana jiran kalmar. Na ce a gafarce ni, ina da tukunya a wuta. An ce za a sanar da ni.

Laraba, da safe

Haƙuri ba abin kunya ba ne. Da shi na riƙe gidan nan. Ban faɗi ƙarya ba.

Laraba, da la'asar

Ba ta ƙarasa maganar ba, shi ke nan abin da na sani.

Alhamis, bayan an taso daga makaranta

Auta ta shigo da sallama tana cire takalmi, na ɗaga kai na ga baƙuwa. Tabarau ne a fuskarta, na likita, mai baƙin kewaye. Ta ga inda nake kallo, ta kai hannu da sauri, amma ta makara.

“Na waye?”

“Nawa ne, Umma.”

“Tun yaushe?”

“Tun zangon da ya wuce. A makaranta nake sawa, in na kusa gida in cire. Yau na manta.”

Ashe ta daɗe ba ta ganin allo, tana kwafe daga littafin ta kusa da ita. Kanta yana ciwo kullum. Na ce wa ya ce mata ido ne. Ta ce ta rubuta wa kwamfuta yadda take ji, ta ce mata ta je a duba idonta, sai ta gaya wa Yaya, Yaya ta kai ta.

“Ba ki da uwa ne?”

“Ina da ita.”

“To?”

“Za ki ce waya ce. Ki karɓe wayar, ki yi mini faɗa har dare, idon kuma yana nan yadda yake.”

“To ba wayar ba ce?”

“Likita ya ce gado ne. Ya ce in tambaya ko akwai mai irinsa a gida.”

Babansu yana daga falo ya ce, “Ki ce masa akwai wata, amma ta ce ita fuska take karantawa.” Ban tanka masa ba. Zan tanka, amma ba yau ba.

Na ce ta mayar da shi fuskarta in gani. Ya yi mata kyau, ja'ira. Wata da watanni 'yata tana cire idonta a bakin layi don ta shigo gidan uwarta.

Har Babansu ya sani. Kowa ya sani, har kwamfuta.

Juma'a, da yamma

Na je asibiti. Ba wanda ya aike ni, ba kuma kwamiti ne ya sa ni ba, a rubuta wannan. Na zauna a bencin masu jira har ta fito hutun rana. Da ta gan ni ta tsaya cak.

Na ce, “Zauna. Na zo ki ƙarasa maganar da kika fara.”

Ta ce, “Ai ta wuce, Goggo.”

Na ce, “Ni ba ta wuce mini ba. Ki faɗa, ba zan sa baki ba.”

Ta yi 'yar dariya ta ce, “Ke ɗin?” Na ce ta gwada ni.

Ta zauna. Abin da ta faɗa ba na littafi ba ne. Sau da yawa magana ta taso mini har maƙogwaro, mai kyau kuwa, irin wadda uwata za ta faɗa, na danne ta da haƙori. Ban san shiru yana da nauyi haka ba. Da ta gama na faɗi abin da ya kamata in faɗa, gajere, ita kaɗai ta ji, ita ce mai shi.

Ta sauya wa yarinyar gidan raino, wani can kusa da inda ta koma. Ban tambayi ina ba, ta kuma lura ban tambaya ba. Ta ce har yanzu ba ta kai azahar da takalma biyu.

Ba zan sake ganin yarinyar ba ke nan.

Asabar, da hantsi

Shugaba ta bugo. Nas ta yi musu magana. In dawo Litinin, amma ba ƙofa ba, ɗakin barci. Ƙofa an ba wata yarinya mai saurin yatsa. Na ce ƙofar ma ta gaishe ni.

Na sa Yaya ta nuna mini yadda abin yake, rubutun kore da rubutun ja da inda ake dannawa. Ko rabin awa bai ɗauke ni ba. Ta ce, “Kin gani, Umma, ba wuya.” Na ce ban taɓa cewa da wuya ba. Na koya ne don in san abin da nake faɗa da shi. Ra'ayina yana nan inda yake: al'ummar da ta mayar da sirrinta wurin gilashi tana da ciwo. Abin da ya ƙaru shi ne yanzu ina tambayar wa ya kore su zuwa can.

Litinin, bayan la'asar

Na koma. Kakar tagwaye ta riƙe hannuna a ƙofa ta ƙi saki. Na ɗora yatsa kamar kowa, ta yi ja, hannun wanki ne. Na tsaya na karanta layin, na sake ɗorawa.

Mai rufe ƙafa ya gan ni ya juya mini baya, fushi yake yi. Na rufe masa ƙafa duk da haka, kafin in miƙe ya yi barci. Akwai ƙaramin allo a ɗakin da aka sa yana yi musu kiɗan barci. Na zare wayar wutarsa daga bango na yi musu da bakina. Shugaba ta leƙo, ta dubi wayar a ƙasa, ta dube ni, ta ja ƙofa a hankali. In kwamiti yana so ya sake zama, ƙananan kujeru suna nan.

Laraba, bayan cin abincin yamma

Na kafa doka a gidan nan tun ranar Litinin. Babansu ya ce wannan ce ta farko a dokokina da yake goyon baya da zuciya ɗaya, domin daren farko Auta ta ce ba ta son karatun kimiyya, ni na wanke kwanuka. Jiya shi ya ce ya daɗe yana jin jiri in ya tashi tsaye, ni na sake wankewa. Yau na riƙe har ƙarshe, sai da na ciji gefen mayafina. Gobe da safe za su ji amsa, kuma doguwa ce.

Na faɗa musu da baki, na sa kowa ya maimaita, har Yaya ta waya:

In an gama cin abincin yamma, kowace waya ta shiga aljihun tebur na kicin a rufe. Ba mai tashi sai ya faɗi abu ɗaya da yake damun sa, da bakinsa, yana kallon mutane. Abin da bai kai kunnen 'yan gidan nan ba, ba a kai wa na'ura shi. Mai sauraro kuma ba ya katsewa, ba ya wa'azi, ba ya cewa ai na faɗa, sai gari ya waye. Wanda ya kasa riƙe bakinsa shi zai wanke kwanuka, ko da kuwa ita ce ta haifi 'yan gidan.